Larnaca da Ercan: babu jirgi tsakaninsu

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka samu gurbin karatu a Famagusta da ke tsibirin Cyprus, ka duba taswira ka ga ko kilomita 50 babu tsakanin filin jirgin Larnaca da na Ercan, tikitin Larnaca kuma ya fi sauƙi, kana tambaya minti nawa jirgi yake yi daga wannan zuwa wancan. Babu jirgin da yake wannan hanya, kuma da ka biya kuɗin nan da ka zubar da gumin Baba a banza.

Tun 1974 tsibirin Cyprus ya rabu biyu. Larnaca tana kudu, ɓangaren da ya shiga Tarayyar Turai a 2004. Makarantarka da filin Ercan suna arewa, ɓangaren da ya ayyana kansa ƙasa a 1983, kuma ban da Turkiyya babu wanda ya amince da shi. A tsakiya akwai shingen da sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya suke gadi. Takardar shaidar karatunka ta arewa ba za ta shigar da kai Larnaca ba, sai da bizar kudu, wadda ba ka da ita. Tun a Abuja ma za a hana ka hawa jirgin.

Hanya ɗaya ce, ta Turkiyya, don duk jirgin da zai sauka Ercan daga can yake tasowa. Kano zuwa Abuja wajen awa ɗaya, Abuja zuwa Istanbul awa shida zuwa bakwai, Istanbul zuwa Ercan awa ɗaya da rabi. A takarda dai abin bai kai yini ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Istanbul, don ejan ba sa faɗa. Filin jirgi biyu ne a garin, babban yana ɓangaren Turai, Sabiha Gökçen yana ɓangaren Asiya, tafiyar fiye da awa ɗaya a mota in hanya ta yi kyau. Sai ejan ya yanka maka tikiti biyu daban saboda ya ci riba, ka sauka a wannan, jirginka na gaba yana wancan. Fita daga filin kuwa shiga Turkiyya ne, sai da biza. Akwai yaron da aka haɗa ni da shi a waya, ya kwana kan kujerun ƙarfe rungume da jakar takardunsa, cajin wayarsa na ƙarewa, akwatinsa mai kilishi da yaji tana can inda ba shi da ikon zuwa ya ɗauka. Mahaifinsa gona ya jinginar. Sai da muka yi karo-karo aka sayo masa wani tikitin.

Ni na gama karatuna a nan arewacin Cyprus, da wankin kwanuka a gidan abinci na riƙa cika kuɗin haya, kuma ban taɓa roƙon kowa ba, alhamdulillahi. Amma ban yarda a ce maka Turai za ka zo ba. Lira, kuɗin Turkiyya, ake kashewa, masu gidaje da yawa kuma da fam na Ingila suke yanka haya.

Ka sa a yanka maka tikiti guda daga Abuja har Ercan, kayanka su wuce kai tsaye, sauka da tashi duk a fili ɗaya. Ka tambayi ofishin ɗaliban waje na makarantar irin bizar da ake nema yanzu, don dokar tana canzawa. Kafin ka biya ko sisi, turo min hoton tikitin in duba. Ka gaida Inna.