Idan aka gano masu rai a wata duniya, ina matsayin bangaskiyar Kirista?

Tambaya: Ina koyarwa a makarantar Lahadi a Kafanchan. Wani yaro ya ji ana cewa masana na neman halittu a wasu duniyoyi, ya tambaye ni ko samunsu zai ƙaryata Littafi Mai Tsarki. Me zan ce masa?

Amsa: Malama, fara gaya masa inda binciken ya tsaya. A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniya ta farko da ke zagaya tauraro irin ranarmu. Zuwa 2022 hukumar NASA ta Amurka ta tabbatar da duniyoyi sama da 5,000 da ke zagaya wasu taurari. Har yau ba a tabbatar da ko ƙwayar halitta ɗaya a wajen duniyarmu ba. Ga kuma nisa: tauraro mafi kusa da rana, haskensa kan yi fiye da shekara 4 kafin ya iso nan.

Daga nan sai ki raba maganar gida biyu, don haɗa su ne ke kawo ruɗani. Ko da an samu ƙananan ƙwayoyin halitta a ƙarƙashin ƙasar duniyar Mars, hakan ba zai shafi wata koyarwa ba. Kolosiyawa 1:16 ta ce ta wurin Almasihu aka halicci dukan abubuwa, na sama da na ƙasa, kuma Farawa ba ta lissafa halittu ɗaya bayan ɗaya ba. Ikilisiya ma ta daɗe da wannan muhawara. A 1277 bishop na Faris, Étienne Tempier, ya haramta koyar da cewa Allah ba zai iya halittar duniyoyi da yawa ba, domin hakan tauye ikonsa ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne halitta mai hankali, wadda ta san nagarta da mugunta. Ta yi zunubi? In ta yi, wa ya fanshe ta? Romawa 5:12 ta ɗaure zunubinmu da Adamu, su kuwa ba zuriyarsa ba ne. Wasu malaman tauhidi na ganin mai yiwuwa ba su faɗa cikin zunubi ba sam, kamar mala'iku masu biyayya. Wasu na riƙe da Kolosiyawa 1:20, inda jinin gicciye ya sulhunta abubuwan duniya da na sama, wato fansa ɗaya ta isa kowa. Akwai masu cewa Ɗan Allah zai iya ɗaukar jikin kowace halitta a duniyarta, amma Romawa 6:9-10 da Ibraniyawa 9:28 sun nuna ya mutu sau ɗaya tak. A ganinmu ra'ayi na biyu ya fi tsayawa da ƙafarsa.

Kuskure guda da za ki kauce wa: jawo aya ta faɗi abin da ba ta faɗa ba. “Waɗansu tumaki” na Yohanna 10:16 al'ummai ne, waɗanda ba Yahudawa ba, ba halittun wata duniya ba. Ƙafafun Ezekiyel sura 1 kuwa, annabin da kansa ya ce wahayin ɗaukakar Ubangiji ne a bakin kogin Kebar, ba jirgin baƙi daga wata duniya ba.

Tambaya: Da gaske ne Fafaroma ya ce zai yi wa mutanen Mars baftisma? Daga wani mai karatu a Yola.

Amsa: An yanke maganar ne. A watan Mayun 2014 Fafaroma Francis na wa'azi kan Ayyukan Manzanni sura 11, inda aka tuhumi Bitrus don ya shiga gidan al'ummai, sai ya kawo mutanen Mars a matsayin misali na kada a rufe wa kowa ƙofa. Ba doka ya kafa ba. Wanda ya yi magana kai tsaye shi ne Fada José Gabriel Funes, shugaban cibiyar nazarin taurari ta Batikan a lokacin, wanda ya shaida wa jaridar fadar a 2008 cewa yarda da yiwuwar irin waɗannan halittu bai saɓa wa bangaskiya ba. Shi ma ra'ayinsa ne na masani. Ɗarikar Katolika ba ta yanke hukunci a hukumance kan batun ba.