Likita, rage ci kamar mai azumi zai warkar min da kumburin hanji?

Tambaya: Salam likita. Shekara 2 ke nan aka leƙa hanjina da kyamara aka ce ulcerative colitis gare ni, wato kumburi da gyambo a babban hanji, ina kan magungunan rage kumburi mesalazine da prednisolone amma wallahi na gaji da shan magani. Na ji ana cewa rage ci kamar mai azumi yana warkar da ciwon, na gwada kwana 3 kuma gudawar jinin ta ragu sosai. Dan Allah in ajiye maganin? Tsorona kar abin ya rikiɗe ya zama kansa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kar ka ajiye, ko ƙwaya ɗaya.

Tsarin da ka ji na wani masanin kimiyya ne, Valter Longo na Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Amurka, kwana 5 a wata ana cin abinci ɗan kaɗan da aka auna. A 2019 shi da abokan bincikensa sun ga kumburin hanji ya ragu, amma fa a jikin ɓeraye. A mutane ana gwada shi ne a matsayin ƙari kan magani.

Wannan "na ji sauƙi" ɗin kuwa kullum sai na sha fama da shi a asibiti. Hanjin da ba a zuba masa komai ba me zai fitar? Dole zuwa bayi ya ragu, amma gyambon yana nan yana cinka, gwajin calprotectin na kashi (sinadarin da ke nuna akwai kumburi a hanji) da kyamara ne ke nuna ko ya lafa, ba yawan ɗaukar buta ba. Sai mutum ya jefar da magani, ya haɗu da masu lasifika a bakin kasuwa su ce ai basir ne ko dattin ciki, su ɗura masa jiƙon wankin ciki, mai gudawar jini fa jama'a, bayan wata guda a kawo mana shi ranga-ranga jini ya ƙare, ruwan jiki ya ƙafe, shi kuma mai jiƙon ya tattara ya koma wata kasuwar. Prednisolone ma ba a yanke shi farat ɗaya, domin jiki ya rage yin nasa sinadarin mai aiki irin na maganin, jini na iya faɗuwa mutum ya suma, a hankali likita ke saukar da shi. Kansar da kake tsoro kuma, kumburin da aka bari shekara da shekaru babu magani, shi ke ƙara haɗarin kamuwa da ita.

Idan ka rame ko jininka ya yi ƙasa ko ciwon ya tashi, rage ci ba naka ba ne yanzu. Ka koma cin abinci yau, ka je wajen likitanka a duba jininka da calprotectin, kuma ka gaya masa maganar kwana 3 ɗin nan.