Amsa: Me alƙalan lambar yabo ta kare muhalli ke dubawa a majema?

Malam, ka tambaya ko ƙaramar majemarku a Zariya za ta iya neman lambar yabo ta kare muhalli. Za ta iya, amma alƙalai ba sa karɓar zance na fatar baki, hujja a rubuce suke so.

Ku fara da littafin lissafi na aƙalla wata 12: litar ruwa nawa kuka kashe kan kowane kilo na fata, gishiri nawa, dizal nawa. Ku sa mita a bututun ruwa, don ƙiyasi da ido ba hujja ba ce.

Ruwan da ke fita daga majema shi ne inda za a fi tsananta bincike. Ku raba ruwan kirom (sinadarin jima) da ruwan jiƙon farar ƙasa mai sinadarin salfaid; idan suka haɗu tsami ya ƙaru, iskar guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ke tashi, kuma tana kisa. Ku kai samfurin ruwan gwaji duk wata uku, a tabbatar awon tsaminsa (pH) yana tsakanin 6 da 9. Cibiyar NILEST, wato cibiyar binciken fasahar fata ta ƙasa da ke Samaru, aikinta ke nan na fata, ku nemi shawararsu. Idan da bagaruwa kuke jima, ku faɗa da babbar murya, wannan ƙarfi ne gare ku.

Takardun hukumomin kare muhalli, KEPA ta Jihar Kaduna da NESREA ta tarayya, su kasance a hannu. Shaidar ISO 14001, wato ma'aunin duniya na tsarin kula da muhalli, tana ƙara nauyi ƙwarai.

Kuma don Allah, duk lambar da aka ce sai kun biya kafin a ba ku, ku guje ta.