Amsa ga ɗana da ke Gadarif a Sudan, a kan judiya, sulhun gargajiya

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso, ƙanwarka ta karanta mini shi bayan isha'i, ita ce kuma take rubuta wannan daga bakina. Na ga hoton takardar shaidar da suka ba ka bayan horon sulhu, Allah ya sa albarka. Ka ce an koya muku cewa mai shiga tsakani dole ya zama ba shi da alaƙa da kowane ɓangare, ya zaunar da masu rigima gaba da gaba, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. Shi ne kake tambaya me ya sa a judiyarmu ake ɗauko mutumin da ya san kowa, wani lokaci ma surukin wannan ne kuma maƙwabcin wancan, me ya sa kuma ajawid, wato dattawan da ke shiga tsakani, ba sa haɗa mutane sai ranar ƙarshe. Ka ce kana so ka gwada abin da ka koya a kan rigimar famfon ruwa da ke tsakanin mutanen Madani da suka sauka a makarantar unguwarku da masu unguwar.

Na yi murmushi da na ji, don ban manta lokacin da ake raba ka faɗa da 'yan'uwanka a kan ƙashin miya ba, yau ga shi kai ne za ka raba wasu. Amma bayan murmushin ban yi barci da wuri ba. Mutanen da suka baro gidajensu tun Disamban 2023 da birnin Madani ya faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin ƙasa, suna kwana a aji, ba famfo kaɗai ke cin su ba. Masu unguwa kuma da 'ya'yansu suka rasa makaranta, su ma ba famfo ba ne. Ka tara su a ɗaki ɗaya ka ce kowa ya faɗi abin da ke ransa? Tsofaffinmu suna cewa magana zarar bunu ce.

Ni ba a koya mini sulhu a aji ba. Buta da buzun Kawu na ɗauka, wan mahaifiyarmu, wanda ba ka riske shi ba. Shi ba umda ba ne, wato kamar dagaci, ba shi da sarauta ko ɗaya. Malami ne na zaure, yana kuma sayar da dawa a kasuwar garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu, kuma rabin makiyayan da ke bi ta yankin da bashinsa a kansu. A 1971 gwamnatin Numairi ta rushe mulkin gargajiya, nazir, wato sarkin ƙabila, da umda suka zama ba su da kotu ba su da ɗan sanda, amma mutane ba su daina saɓawa ba, sai nauyin ya koma kan irin su Kawu. Shekara ɗaya kafin nan an yi dokar da ta mayar da duk ƙasar da ba ta da rajista ta gwamnati, manyan gonakin tarakta suka yi ta bazuwa, burtalin shanu yana ƙara matsewa. Makiyayi ya sauko da kaka ya tarar hanyar da ubansa ya bi ta zama gona, to ina zai bi? Sai gonar talaka.

A irin wannan kakar ne aka aiko wa Kawu daga wani ƙauyen namu da ke gabas da kogi, wajen Dindir. Shanun wasu Larabawa sun shiga gonar dawa da dare, ɗan mai gonar ya fita da sanda, wani saurayi cikin makiyayan ya buge shi a ka. Kwana biyu ya cika. Ya bar mata da jariri. Hukuma ta kama wanda ya yi bugun, amma samarin ƙauye ba su ɗauki wannan a bakin komai ba, da muka isa ana wasa gatari a bayan masallaci.

Ka san me Kawu ya fara yi? Zaman makoki. Ya zauna kusa da uban yaron har aka yi sadakar uku, kalmar sulhu ba ta fito daga bakinsa ba. Abu ɗaya ya yi a ɓoye: daren da muka sauka ya tura mutum wurin babban makiyayan ya ce su tayar da rugarsu su yi nisan tafiyar yini, su kuma sauya mashaya, kada wani yaron namu ya yi ido huɗu da wani nasu a bakin ruwa. Suka tashi kafin asuba. Da baƙo ne ya aika musu, da sun ce korarsu ake yi. Sun tashi ne don sun san wanda ya aiko.

Bayan nan muka shiga kai da kawowa a kan jakuna. Ni ina zaune a baya, ina zuba shayi, ina ji. Uban yaron ya faɗi maganganun da ko yanzu ba zan maimaita su ba. Ya ce ko shanun duniya za su kawo ba ya so, ya rantse, ya zagi kakanninsu. Kawu bai katse shi ba, bai ce masa ka yi haƙuri ba, kansa a sunkuye yana jan carbi. Can cikin kukan, mutumin ya ce, shi ma wanda ya yi kisan ai yaro ne, uwarsa tana can ba ta san halin da yake ciki a kurkuku ba. Ya faɗe ta ne kamar ba da niyya ba, ya koma zagi. Da muka je ruga, babban nasu shi ma ya yi nasa: ku kuka cinye mana hanya, yaronku shi ya fara ɗaga sanda. Amma a tsakiya ya ce, wannan mutumin shekarar da shanunmu suka mutu shi ya ba mu dawa bashi bai rubuta ba.

To, ɗana, abin da ya isa ƙauye daga ruga shi ne maganar dawar nan kaɗai. Abin da ya isa ruga daga ƙauye kuma shi ne, uban mamaci ya tuna da uwar ɗanku. Sauran duk Kawu ya binne su a hanya. Ni da ƙuruciya abin ya tsaya mini a rai, na tambaye shi muna tafe, Kawu, wannan ba ɓoye gaskiya ba ne? Ya karanta mini hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba maƙaryaci ba ne wanda yake gyara tsakanin mutane, ya isar da alheri ko ya faɗi alheri. Sannan ya ce malaminsa yakan ce mai sulhu rariya ne, gari ya wuce, tsaki ya tsaya a wurinsa. Ya ce duka biyun gaskiyar mutumin ce, da zagin da tausayin, amma zagin na yau ne, tausayin shi ne wanda zai rayu da shi.

Akwai wani abu da ban gane ba sai daga baya. Uban ya sauko tun da wuri, uwar yaron ce ta ƙi. Ita ba ta zuwa gindin bishiya, ba a jin muryarta a taro, amma samarin ƙauyen fuskarta suke kallo. Kawu ya aika aka ɗauko matarsa, Inna, ta tare a ɗakin matar nan. Tare suke kwana, tare suke tuƙa tuwo, ita ke goyon jaririn. Abin da suka faɗa wa juna ba wanda ya ji. Wata safiya Inna ta leƙo zaure ta ce wa Kawu, Malam, ka sa rana. Don haka duk wanda ya ce maka judiya aikin maza ne, gindin bishiyar kawai ya gani.

Ranar zaman, ƙarƙashin wata babbar tsamiya aka yi shimfiɗa. Makiyayan suka ajiye sandunansu da wuƙaƙensu a bakin gari, suka shigo hannu sake. An kawo abinci, ajawid suka ce ba za su sa hannu ba sai an biya musu buƙatarsu. Uban wanda ya yi kisan, dattijo mai furfura, ya tashi ya kwance rawaninsa ya ajiye a gaban uban mamaci, ya koma ya zauna kai ba hula. Bai kare ɗansa da kalma ɗaya ba. Wurin ya yi tsit. Liman ya karanta ayoyin suratul Hujurat, inda Allah ya ce muminai 'yan'uwan juna ne, ku gyara tsakanin 'yan'uwanku. Aka ambaci diyya. Asalinta a shari'a raƙuma 100 ne, amma a yankinmu da shanu ake yanka ta gwargwadon abin da aka saba tsakanin ƙabilu. Uban yaron ya tashi, ya ɗauki rawanin ya naɗa wa dattijon da hannunsa, ya ce ya yafe don Allah da darajar fuskokin da suka zo.

Mutane suka fara kabbara, sai Kawu ya ɗaga hannu. Ya ce, naka ka yafe, Allah ya saka maka, amma diyya gado ce, akwai rabon matarsa, akwai rabon jariri, kuma ba wanda ke da ikon yafe haƙƙin maraya, ko kakansa ne. Aka ware wannan. Da aka ƙirga, shanun da makiyayan suka kawo ba su cika ba, Kawu ya ce a cika daga nasa. Ba mai kuɗi ba ne, wannan shekarar gidansa sun ji a jikinsu. Aka tsayar da mai lamuni daga kowane ɓangare, mutumin da in wani nasa ya karya alkawari shi za a kama. Washegari kuma, kafin kowa ya watse, dattawan ɓangarorin biyu suka taka da ƙafa tun daga bakin daji har mashaya, suna kafa duwatsu, aka fitar da burtali, wasu manoman namu suka rasa kunya biyu uku na gonarsu. Sun yi gunaguni, amma sun bari.

Kai ka ce mai shiga tsakani ya zama ba shi da alaƙa da kowa. Kawu yana da alaƙa da kowa, shi ya sa in sulhun ya ruguje shi ne farkon wanda zai rasa kasuwarsa da mutuncinsa. Yakan ce wanda ba abin da zai yi asara, ba a ba shi amanar jini. Ko lokacin da Ƙuraishawa suka kusa zub da jini a kan wanda zai mayar da Hajarul Aswad wurinsa, Manzon Allah yana da shekara 35, ai ɗansu ne, daga ɗaya cikin gidajen da ke jayayyar ya fito. Sun yarda da shi ne don sun san shi da amana tun yana yaro.

Abin da ke ƙona mini rai yau shi ne wayar nan da ke hannunku. Maganar da Kawu zai binne a hanya, yanzu kafin a yi jana'iza ta zaga Facebook, da hoton gawa. Ka tuna Yulin 2022, rikicin ƙabilancin da ya faru a garuruwan Rusairis da Damazin, sannan Wad al-Mahi a watan Oktoba. Ɗaruruwan rayuka, namu da na maƙwabtan da kakanninmu suka zauna da su tun bayan da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya iso bakin kogin nan da waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi da Turawa na 1903. Maganar ƙasa ce da sarauta, irin wadda a da za a yi wata guda ana kai da kawowa a kanta. Amma dattawan da ke sayen hatsi da nono a wurin juna sun ƙare, waɗanda suka gaje su kowa cikin nasa yake zaune, samari kuma sun riga sun ji duk zagin da kunnensu. Ko yarjejeniyar da sojojin ƙasa da RSF suka sa wa hannu a Jidda a watan Mayun 2023, ai ka ga yadda ta ƙare. An rubuta takarda, amma ba mai lamunin da za a kama.

Ba na raina karatunka, kada ka ji haka. Akwai abin da kuka fi mu. Ku kuna rubuta abin da aka amince a kai, mu da yawa mun bar shi a bakin tsofaffi, suka mutu da shi. Kuma na ga zaman da aka danne mai rauni da kalmar haƙuri har ya yafe abin da bai so yafewa ba, don kawai manya suna jin kunyar juna. Ba kowane zama ne ake samun mai ɗaga hannu saboda maraya ba. In horonku ya koya maka ka lura da wanda ya yi shiru a taro, ka riƙe wannan da kyau.

Maganar ko ka haɗa su ko kada ka haɗa su, ni daga nan ba zan yanke maka ba. Amma kada ka fara da kiran taro. Ka nemi dattijon da duka ɓangarorin ke gaisarwa, ko limamin unguwa ne ko mai shagon da ke ba mutanen makarantar bashi, ka je ka durƙusa ka ce ka zo ya sa ka aiki. Takardarka ka bar ta a gida ranar. Ka sa matarka ta riƙa zuwa ɗibar ruwa a famfon da kanta, ta ji wace ce matan kowane ɓangare ke saurara in ta yi magana. Sannan ka rubuto mini abu biyu: wa ke ba mutanen makarantar salla, kuma wa ke biyan kuɗin gyara in famfon ya lalace. Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce mata maganin ƙafar da ta aiko ya iso.