Ba kowane ƙari a ƙwaƙwalwa ne sankara ba

'Yar'uwa, kin ce hoton MRI ya nuna ƙari a kan Mama, an rubuta meningioma, kina tambaya ko sankara ce. Galibi ba ita ba ce. Daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa yake tsirowa, kuma yawancinsa mataki na 1 ne a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, a hankali yake girma. Tabbaci dai sai an ciro naman an auna.

Na gwaggona ƙarami ne, ba a yi mata tiyata ba, hoton kawai muke maimaitawa duk shekara. Amma in Mama ta fara farfaɗiya, ko amai da asuba, ko hannu ɗaya ya saki, don Allah ku kai ta asibiti a ranar.