Me ya sa kifin fayik yake iyo kansa a wajen ruwa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina yin fatsa a wani tafki mai fayik da yawa, wato dogon kifin nan mai kaifin haƙora da ke cin wasu kifaye (pike a Turance). Kwanan nan nakan ga wasu suna tafe a saman ruwa, kai a waje, baki a buɗe. Ɗaya ma bayan na sake shi ya kasa nutsewa. Wani tsohon hannu ya ce iska ce ta cika masa ciki, in soka masa allura ta fita. Hankalina bai kwanta ba. Cuta ce ta shiga tafkin?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, amma ka ajiye allurar nan tukuna.

Idan fayik ɗaya ne ya leƙo, ya ɗan yi gaba sannan ya nutse da ƙarfinsa, ba abin tsoro ba ne. Jakar iskar da yake daidaita nauyinsa da ita tana da bututu zuwa maƙogwaro, don haka yakan hau sama ya haɗiyi iska ko ya fitar. Wasu na ganin yakan yi haka kuma bayan ya haɗiye babban kifi, ko in ƙwari sun maƙale masa a kunnuwan numfashi.

Abin damuwa shi ne ka ga kifaye iri-iri sun taso tare da asuba suna haki. Wannan ƙarancin oksijin ne. Ruwa mai zafin digiri 10 a ma'aunin Celsius yana riƙe kusan miligiram 11 na oksijin a lita, a digiri 25 kuwa 8 ne da ɗan kaɗan, ga gansakuka tana shanye sauran cikin dare. Ka sanar da hukumar da ke kula da ruwan, kada kuma ka ci wanda ka tsinta yana magagi.

To, batun allura. Wallahi na gaji da jin wannan magana. An ƙirƙiro dabarar ce domin kifayen da jakarsu a rufe take, waɗanda in an jawo su daga zurfi sukan kumbura, ba su da hanyar fitar da iskar. Fayik yana gyatsa da kansa! Me za ka huda masa? Mutum ya kalli bidiyo ɗaya a intanet, gobe ya zama likitan kifi, yana caka ƙarfe inda bai san me ke ƙarƙashi ba. Hanta tana nan, hanji yana nan, a mace kuma ga ƙwai. In ya sami jakar ma, ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Kifin zai nutse a gabansa, ya ce ai magani ya yi, alhali bayan kwanaki can ƙasa zai mutu ba wanda ya gani. Shi ya sa ƙaryar ta ƙi ƙarewa.

Naka da ya kasa nutsewa, galibi gajiya ce ta kama shi, ga iskar da ya haɗiya wajen kokawa. Ka riƙe shi a cikin ruwa ta gindin wutsiya, bayansa a sama, ɗaya hannun a ƙarƙashin ƙirji. Ka shafa cikin a hankali daga baya zuwa gaba, sau da yawa za ka ga kumfa ta fito. Kada ka sake shi sai ya fizge da kansa, kuma ka kiyayi haƙoransa. Ka sa zare mai ƙarfi don kokawar ta gajarta. In ruwa ya haura digiri 20, ka ƙyale fayik sai sanyi ya dawo.