Amsa ga mai tambayar asalin Mafiyar Sisili

Ka tambaya daga ina Cosa Nostra, wato ƙungiyar masu laifi da ake kira Mafiyar Sisili, ta samo asali, kuma da me take samun kuɗi.

Ta tsiro ne a yammacin tsibirin Sisili na ƙasar Italiya a ƙarni na 19, lokacin da ikon gwamnati bai kai ƙauyuka ba. Masu gonakin lemo a kewayen Palermo, babban birnin tsibirin, suna ɗaukar 'yan tsaro, sai 'yan tsaron suka zama su ne ɓarayin: ka biya a tsare maka gonarka, ka ƙi a sare bishiyoyin cikin dare. Wannan kuɗin tilas shi suke kira pizzo, har yau ana karɓarsa a shaguna. Daga baya suka shiga kwangilar gine-gine da fataucin hodar iblis da ƙwayar heroin.

Kada ka haɗa su da 'Ndrangheta ta Kalabriya ko Camorra ta Napoli, su ma ƙungiyoyin masu laifi ne a Italiya, amma kowace daban take. Kuma kada fina-finai su ruɗe ka cewa mutanen mutunci ne. A 1991 sun harbe Libero Grassi, ɗan kasuwa a Palermo, don ya fito fili ya ƙi biya. A Mayun 1992 suka tarwatsa babbar hanya a Capaci, kusa da Palermo, da bam, suka kashe alƙali Giovanni Falcone da matarsa da 'yan sanda uku. Wannan abin har yanzu yana ci mini rai.

In kana Italiya ne wani ya matsa maka da neman kuɗi, kada ka sasanta da shi kai kaɗai. Je wurin 'yan sanda, ka nemi lauya, ko ƙungiyar Addiopizzo da ke tallafa wa 'yan kasuwa a Palermo.